Gyaran tsohuwar tsakar gida mai itatuwa: kankare, intalok, tsakuwa ko daɓe?

Gidajen da aka gina a shekarun 1970 da 1980, irin na Kundila a Kano ko na Malali da Barnawa a Kaduna, da yawansu suna da abin da sabon gida ba shi da shi komai kuɗin da aka narka masa, wato manyan itatuwa. Mangwaro mai shekara 40 a tsakiya, darbejiya a bakin ƙofa, gwaiba a bayan kicin, lemun tsami kusa da rijiya. Sai dai tsakar gidan ta gaji. Simintin farko ya farfashe, saiwa ta ɗaga shi, da damina ruwa ya kwanta a lungu, da rani ƙura da ganye su hana uwargida sakat. Wanda ya gaji irin wannan gida ko ya saye shi yakan ji shawara iri biyu. Birkila zai ce masa, "Alhaji, a sare su kawai a malale da siminti, kowa ya huta." Wani kuma zai ce a bar itatuwan a yi wa ƙasan dabara. Ni ina tare da na biyun, kuma dalilina na farko aljihu ne, kafin ma a zo maganar inuwa.

Da itatuwan za a fara, domin abin da aka yanke a kansu shi zai nuna irin shimfiɗar da za ta yiwu a ƙasa.

Sarewa tana zuwa da siffar araha. Mai injin yanka yakan karɓi itacen a bakin ladansa, wani lokaci har ya ɗora maka wani abu idan bishiyar mai kauri ce. Amma lissafin bai ƙare a nan ba. Kututturen yana nan daram, kuma tono shi aikin lebura ne na kwanaki. Idan aka bar shi aka zuba siminti a kai, saiwar za ta ruɓe a ƙarƙashi, gara ta samu gida, bayan 'yan shekaru wurin ya lotsa. Ga kuma zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40 a Kano, kuma bango da kwanon da rana ta wuni tana duka suna riƙe zafin har tsakar dare. Ɗakin da mangwaro ke karewa daga ranar la'asar, da zarar an cire shi, fanka da man janareta ne za su maye gurbinsa. Wanda ya ce ai zai dasa wani, gaskiya ne mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa masa reshen wani iri, yana fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, amma inuwar da iyali za su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta sai an jira shekara 10 ko fiye.

Akwai kuma gundulewa, wadda ta zama ruwan dare: a datse kan bishiyar gaba ɗaya a bar gungume tsaye. Darbejiya tana jurewa, za ta sake tofowa. Illar ita ce sabbin rassan suna fitowa a cunkushe, ba su kama jikin itacen da kyau ba, kuma su ne iskar farkon damina ke karyowa kan rufi. Bakin inda aka datse kuma ruwa yana shiga ya ruɓar da cikin itacen sannu a hankali.

Rage rassa ya fi duka biyun, kuma shi ne mafi ƙarancin kuɗi. A cire busassu, da waɗanda ke gugar juna, da masu taɓa kwano, sannan a ɗage na ƙasa-ƙasa yadda mutum zai wuce a tsaye. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a shekara guda. Da zarto ake yi, ba da adda ba, domin adda tana tsattsaga wurin. Reshe mai nauyi sai an yi masa yanka uku: a fara tsaga shi kaɗan ta ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga jikin bishiyar, sai a yanke ta sama gaba da tsagar kaɗan har ya faɗi, sannan a dawo a cire guntun da ya rage dab da kumburin gindin reshen, ba tare da an taɓa kumburin ba. Ta haka ɓawon ba zai yage ya bi jikin itacen ba, kuma ciwon zai rufe da kansa. Lokacin mangwaro shi ne bayan an gama cin 'ya'yansa. Wanda ya yi masa aski da hunturu, lokacin da yake fure, ya yafe mangwaron wannan shekarar. Reshen da ke kusa da wayar wuta kuwa, kada a tura yaro ko lebura, a nemo ma'aikatan wutar.

A ɗaga kai a duba kauci. A tsofaffin itatuwa za ka ga wani curin ganye da bai yi kama da na bishiyar ba, da furanni jajaye sirara kamar tsinken ashana, inda ya kama kuma reshen ya kumbura. Tsuntsaye ke kawo irinsa, shi kuma yana shan ruwa da abincin bishiyar har reshen ya bushe. Fizge shi ba ya kashe shi, domin tushensa yana cikin itacen. Sai an yanke reshen ƙasa da kumburin. Lemun tsami da gwaiba da yawa da ake cewa tsufa ne ya cinye su, kauci ne.

Idan kuwa ƙorafin shi ne mangwaron mai zare ne, ba ya sayuwa kuma yara kaɗai ke sha, maganinsa aure, ba gatari ba. Ana datse wasu manyan rassa, a jira sabon tofo ya kai kaurin fensir, sai a aura masa irin da ake so, Julie ko Kent ko binta siga. Da yake saiwar ta riga ta kafu, a shekara 2 zuwa 3 yakan fara 'ya'ya. A yi rabin bishiyar bana, rabi baɗi, don kada gida ya rasa inuwa gaba ɗaya. Masu sayar da dashe da yawa sun iya wannan aiki, kuma cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, tana da reshe a Bagauda da kuma Dadin Kowa ta jihar Gombe, inda sanin irin mangwaro da aurensa yake cikin aikinsu. Manoman Maradi sun daɗe da gane darajar tsohuwar saiwa. Tun cikin shekarun 1980 suke renon tofon kututture a gonakinsu maimakon jiran sabon dashe, kuma ta haka itatuwa suka dawo a miliyoyin hekta a kudancin Nijar. Gwaibar da aka sare a bayan gida ta sake tofowa ma haka za a yi mata: a zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi, a cire sauran.

Ba na cewa kowace bishiya sai an bar ta. Wadda cikinta ya zama kogo, ko ta karkata kan ɗakin kwana, a cire ta tun kafin damina. Cediya da durumi da turare saiwarsu tana bin ruwa, idan suna dab da sokawe ko harsashin gini ba su da wurin zama. Haka bishiyar nan da ake kira ambarela, mai rassa hawa-hawa, saiwarta a sama take tafiya, kuma duk shimfiɗar da aka yi kusa da ita sai ta ɗaga.

Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, a san inda ruwa ke bi. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a fito da laima a tsaya a kalla: ina yake zubowa daga indararo, ina yake kwanciya, ta ina yake fita. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan ruwan milimita 50, irin wanda ake samu a Agusta, yana sauke lita 5,000 daga rufi mai murabba'in mita 100, da wata lita 2,500 a kan tsakar gida mai mita 5 a faɗi da 10 a tsawo. Idan ko'ina a toshe yake da siminti, duk wannan ruwa ta rariya ɗaya zai fita, kuma ranar da leda ta toshe ta, falo zai nufa. Kowace irin shimfiɗa aka zaɓa, a ba ta gangare na santimita 2 a kowace mita, daga jikin gini zuwa waje, a karkata ruwan ya fara bi ta gindin itatuwa, ragowar ta wuce lambatu. Kwarin gindin bishiyar ya zama mai shanye ruwa cikin kwana ɗaya ko biyu, domin ruwan da ya yi mako a kwance ya isa sauro ya ƙyanƙyashe. Sannan kada a ɗora sabuwar shimfiɗa a kan tsohuwa har tsakar gida ta fi dokin ƙofa tudu. Wannan kuskure ya jiƙa kafet a gidaje da yawa.

To, yanzu ga ainihin zaɓin, kuma zan yi lissafin a kan wannan tsakar gida mai murabba'in mita 50.

Kankare yana da abin yabo. Shara a kansa ba wahala, ana shanya, ana wanki, yara suna wasa, keken mara lafiya yana wucewa, ciyawa ba ta fitowa. Amma kauri santimita 10 a kan wannan fili yana cin kubik mita 5, wato kusan buhu 30 na siminti idan an yi kwaɓin kirki, ban da yashi da tsakuwa da ruwa da ladan aiki. Wanda ya tuna yadda buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024 ya san nauyin wannan adadi. Abin da ake yi don a rage kuɗi shi ne a sirantar da shi a yawaita yashi, kuma irin wannan kafin damina biyu ya fara ɓarewa. Babbar illarsa ga gida mai itatuwa kuwa a ƙarƙashi take. Mafi yawan ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa da iska suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma suna bazuwa har su wuce iyakar inuwar bishiyar. Idan aka rufe su, ɗaya daga cikin biyu zai faru: ko bishiyar ta fara bushewa daga sama bayan wasu shekaru a rasa dalili, ko saiwar ta tura kankaren ya tsage. Kankaren da ya tsage kuma ba ya gyaruwa da kyau, faci ne a kan faci. Ga shi yana haɗiye zafin rana ya amayar da shi da dare, daidai lokacin da mutanen gida ke son kwana a waje.

Intalok, wato ƙananan tubalan siminti da ake jerawa a ƙasa suna kama juna, a wajen saye yakan kai kankare tsada, wani wurin ma ya fi shi. Inda ya yi fice shi ne bayan an shimfiɗa. Ranar da saiwa ta ɗaga wani sashe, ko bututun ruwa ya fashe, za a ɗage tubalan wurin, a gyara, a mayar da su, ba a sayi komai ba sai ɗan yashi. Ana iya yin sa kaɗan-kaɗan, wannan wata hanyar shiga, wani watan wurin mota. Ruwa kuma yana ɗan ratsa tsakaninsa, ko da yake ba kamar buɗaɗɗiyar ƙasa ba. Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma a nan ake cutar mutane. Mai kaurin santimita 6 ya isa wurin tafiya da ƙaramar mota, mai 8 na wurin da tanka ko tifa za ta shiga ne, kada a saya maka shi don tsakar gida. Kafin ka biya, ɗauki guda ka kankare gefensa da ƙusa, in yana zubar da gari to an yi masa rowar siminti ko ba a shayar da shi ruwa ya ƙosa ba. Ƙarƙashinsa sai an daddale ƙasa sosai, a zuba yashi ko garin dutse santimita 3 zuwa 5, a ɗaure gefe da kerbu, wato dogayen tubalan da ke tokare bakin shimfiɗar, in ba haka ba tubalan za su riƙa gudu. Abu biyu da masu aikin ke so su yi, ka hana su a kusa da itatuwa: shimfiɗa leda a ƙarƙashi don hana ciyawa, da cike tsakanin tubalan da siminti. Duk wanda aka yi a cikinsu, ka biya kuɗin intalok ka samu illar kankare. Ciyawa za ta fito a tsakani da damina, wannan gaskiya ne, amma aikin awa guda ne da wuƙa.

Tsakuwa ita ce mafi araha cikin abubuwan saye. Kauri santimita 5 a kan filin nan kubik mita 2 da rabi ne, kimanin tan 4, ba siminti, ba birkila, baro da manjagara sun isa. Ruwa yana shiga ƙasa kai tsaye, ƙura tana kwanciya, taɓo ya kau, saiwa tana numfashi. Amma a tambayi mai shara kafin a zuba. Ganyen mangwaro manya ne, ana iya kwashe su da manjagara, na darbejiya da tsamiya kuwa suna shigewa tsakanin duwatsun, tsintsiya ba ta fitar da su. Ba a shimfiɗa tabarma a kanta, ba ta da daɗin takawa ba takalmi, tsoho mai sanda yana shan wahala, kaji kuma za su watsa ta ko'ina. Wurinta shi ne gefen katanga, bayan ɗakuna, wurin ajiye mota, da ƙarƙashin indararo inda ruwa ke haƙa rami. A sayi ƙanana, a yi mata iyaka da tsofaffin bulo don kada ta bazu.

Daɓen gargajiya kuwa an yi saurin mantawa da shi. Burji ko jar ƙasa ake bazawa, a yayyafa ruwa, a yi ta duka da madaɓi, sannan a riƙa shayar da shi ruwan makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, har ya yi duhu ya yi santsi. A da aikin gayya ne na mata, da waƙoƙinsa. Yana da sanyi a ƙafa, tabarma tana zama a kansa lafiya, kuɗinsa kusan na ƙasa ne da abincin masu aiki. Rauninsa a fili yake: ruwan indararo yana cinye shi, tayar mota tana farfasa shi, kuma yana son a sabunta shi lokaci-lokaci. A ƙarƙashin rumfa, ko wurin zaman la'asar da aka ɗan ɗaga aka kare daga gudun ruwa, ban ga abin da ya kai shi ba. A cikin birni wahalar ita ce samun wadda ta iya, sai an nemi tsofaffin unguwa ko 'yan uwa na ƙauye.

Ciyawar ado ba zan daɗe a kanta ba. Da bazara murabba'in mita ɗaya yana shan kimanin lita 6 a rana, filin nan ke nan lita 300, jarka 12 kullum. Ga wanda ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa wannan ba gyara mai araha ba ne, kuma ko mai rijiyar burtsatse ne, ciyawar ba ta yi a ƙarƙashin inuwar mangwaro.

Akwai kayan aiki da ke cikin gidan tuni, kyauta. Tsohon simintin da ya farfashe kada a biya tifa ta kwashe shi. A fasa shi fale-fale masu faɗin taku guda, a jera a kan yashi, a cike tsakani da tsakuwa, ya zama hanya daga ɗaki zuwa kicin ko banɗaki. Ganyen da ake ƙonawa kullum a gindin bishiya, wanda wutarsa ke babbake ɓawo da ƙananan saiwoyi, a haƙa masa rami a lungu, a haɗa da kashin awaki da ɗan toka, a riƙa yayyafa ruwa, cikin 'yan watanni ya zama taki. Wani kuma a baza shi a kewayen bishiyar don riƙe laima, amma a bar taƙi guda tsakaninsa da jikin itacen saboda gara.

Da za a ba ni gidan da kuɗi kaɗan, haɗawa zan yi. Kowace babbar bishiya zan bar mata buɗaɗɗiyar ƙasa aƙalla mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga jikinta ta kowane gefe, in kewaye da bulo layi ɗaya. Ba zan cike cikin da'irar da ƙasa har ta binne gindin ba, irin dakalin nan da ake ginawa a kewayen bishiya a cika shi maƙil yana ruɓar da ɓawo. In ana son wurin zama, benci ya fi. Kankare zan taƙaita shi ga wurin wanki da wanke-wanke da siririn zagaye a jikin gini don kare harsashi, buhu kaɗan sun isa. Intalok ko fale-falen tsohon siminti a hanyoyin tafiya, tsakuwa a gefe-gefe, daɓe a ƙarƙashin rumfa. Gidan da ke da tsoho ko mai keken guragu ya faɗaɗa hanyar ta kai aƙalla mita ɗaya, ya yi ta sumul ba tuntuɓe. Ɗan haya kuma ya tsaya ga rage rassa, da izinin mai gida, da tsakuwa da shuka a tukwane, kada ya binne kuɗinsa a ƙasar wani.

Katanga da shuke-shuke su ne na ƙarshe, kuma su ne mafi sauƙi. Tsohuwar katangar bulo in an toshe tsagunta aka shafa mata farar ƙasa, gidan zai yi haske da kuɗin da bai kai na fenti ba, sai dai a sake bayan shekara ɗaya ko biyu. Shuka kuwa ba sai an saya ba. Lalle da zogale da shuwaka duk suna kamawa daga reshe, kuma maƙwabta ba sa hana yanka. Masu son rana a kai su jikin katangar da inuwa ba ta rufe ba. Na'ana'a a sa ta a tukunya kusa da wurin alwala ta sha ragowar ruwa. Bini-da-zugu yana shinge mai kyau, amma 'ya'yansa guba ne, gidan da ke da ƙananan yara ya haƙura da shi.

Jerin aikin ya bi yanayi, shi ma yana rage asara. Rage rassa a gama shi kafin iskar farkon damina, ban da mangwaron da ke ɗauke da 'ya'ya, shi a jira a sauke su. Dashe a yi shi idan ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, sama ta yi maka ban-ruwa. Agusta na kallon hanyar ruwa ne da sa alama da turaku. Shimfiɗar ƙasa kuwa, ko intalok ko daɓe ko ɗan kankaren wurin wanki, a bari sai bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ƙasa ke da sauran laimar da za ta daddalu da kyau. Kankaren a riƙa shayar da shi safe da yamma har mako guda, musamman idan iskar hunturu ta fara kaɗawa, domin tana busar da shi kafin ya ƙosa.